Kukan Draya: Rubutun Mako Biyar a Ɗakin Ƙasa

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau dai uwargida ta kai bango. Na sauko ɗakin ƙasa na tarar ta kashe draya, injin busar da kayan wanki, alhali kayan ciki da sauran danshi, tana tsaye ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Abban yara, ko a kira mai gyara ko a sayo sabuwa. Ni dai ba zan ƙara kunna abin nan ba, kada wata rana ya tarwatse da mutum a gabansa." Da gaskiyarta. An kusa shekara drayar nan tana ƙorafi ina yi mata kunnen uwar shegu. Da fari ɗan ƙiii ne na minti biyu in an kunna, sai ya ɓace. Yanzu kuwa in tana aiki har ɗakin yara a sama ana jin dum, dum, dum, kamar ana sussuka a gidan maƙwabta.

A Zariya a irin wannan lokaci na hunturu wa zai damu da draya? Ka shanya riga bayan azahar, kafin la'asar ta bushe ƙamas. A nan Minnesota in ka shanya riga a waje cikin Janairu, sandarewa za ta yi kamar kilishi, kuma in ka shigo da ita ta narke ta koma jiƙaƙƙiya yadda take. Mu shida ne a gidan. Draya ba ado ba ce a wurinmu.

Na buga wa wani shagon gyara waya. Zuwa kawai a duba dala 109, ban da kuɗin kaya da na aiki. Sabuwa mai ɗan dama-dama kuma ta haura dala 600. Na ce a ba ni mako guda.

Na zare fulogi, na sa hannu na juya gangar da ake zuba kaya a ciki. Tana da nauyi, kuma akwai inda take ɗan cijewa kafin ta wuce. Da na saurara da kyau sai na gane kukan biyu ne: wani siriri daga ƙasa ta gaba, wani mai kauri daga baya. Na ɗauki hoton takardar da ke manne a bakin ƙofa, inda lambar samfurin take. Da gidan muka same ta a 2019, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce.

Lahadi, 7 ga Janairu

Na buɗe ta.

Kafin komai na sauke bireka, duk da na zare fulogi. Draya mai lantarki a ƙasar nan wuta 240 take ci, a kan bireka mai amfiya 30, ba irin soket ɗin caji ba ce. Tamu irin tsohuwar ƙirar nan ce mai faɗin inci 29, wadda rariyar tace ɓurɓushi take a samanta ana zaro ta kamar takobi. In ka zare rariyar za ka ga sukurori biyu a bakin ramin. Na kwance su, na ajiye a kan murfi. Sai na zura wuƙar shafa foti ƙarƙashin murfin saman, kusa da kowace kusurwa ta gaba, na danna kilif ɗin da ke riƙe da shi, na ɗaga ya jingina da bango. Da na waiwayo, sukuru ɗaya ne a hannuna. Na haska ƙasa da tocila, na duba ƙarƙashin injin wanki, babu. Na ce zai fito.

Fuskar gaba sukurori biyu ne ke riƙe da ita daga ciki, masu kai irin na noti, 5/16. Ba ni da abin kwance su, sai da na fita na sayo, dala 7. Akwai wayar makunnin ƙofa da za a zare kafin a ɗaga fuskar. Ana ɗagawa gangar ta sunkuyo gaba, na sa katako na tallafe ta.

Abin da ya ba ni mamaki, ashe gangar nan ba ta da wata sanda da ta ratsa tsakiyarta. Zaune kawai take. Bayanta yana kan 'yan tayoyi biyu na roba da ba su wuce tafin hannun yaro ba. Gabanta yana sulɓi a kan wani zoben roba da ƙyalle mai kauri kamar bargo. Sai bel siriri, faɗinsa rubu'in inci, ya zagaye cikinta ya sauka wajen moto. Moton yana juyawa sau 1,700 da 'yan kai a minti, amma da yake fulinsa, wato ƴar tayar da bel ke bi ta kai, ɗan mitsitsi ne gangar kuma ƙatuwa, ita wajen sau 50 take yi. Tsakanin moto da ganga akwai wani fuli na uku, aikinsa kawai ya ɗaure bel ɗin kada ya yi sako-sako. Shi ke nan. Abin da muke tsoro shekara biyar, ko keken ɗinkin mahaifiyata ya fi shi sarƙaƙiya.

Na kwanta rub da ciki na ɗauki hoton yadda bel ya bi ta fulin nan har sau huɗu, don na san kaina. Da na ture fulin bel ya saki, sai ga shi duka ya faɗo a hannuna. Ba noti, ba sukuru: ƙarfensa shi ne sifirin ɗinsa, an saƙala shi a wasu ramuka biyu na ƙasan injin, ƙarfin bel ne kawai ke riƙe da shi. Na gwada juya shi da yatsa, ƙi ya yi sai da ƙyar, yana wannan ƙiii ɗin da na sani. Mai laifi na farko ke nan.

Ni da babban ɗana muka ciro gangar muka ajiye gefe. Taya ɗaya tana juyawa, amma robarta ta taurare, gefe guda ya lotsa ya yi fili. Ɗayar, wadda ke da ɗan ƙarfe da ya tokare ta, rawa take a kan sandarta kamar haƙorin da ya kusa fita, gashi da zare sun naɗe bayanta tam. Bel kuma da na lanƙwasa shi sai ga tsaga-tsaga reras.

Abin da muka kwaso a ƙasan injin: tsabar kwata mai santi 25 guda bakwai, sisin nan mai santi goma guda uku, fil ɗin ɗankwali, ƙwayar carbi biyu, guntun asuwaki, da ɓurɓushin kaya cikin leda guda. Gefen ƙarfen jikin injin ya yanke ni a ɗan yatsa, ban ma ji ba sai da na ga jini a kan ganga. Gobe da safar hannu.

Litinin, 8 ga Janairu

Ana sayar da kayan a haɗe cikin ƙunshi ɗaya: bel mai tsawon inci 92 da rubu'i, tayoyi biyu, fuli, da 'yan kilif. Na asali daga kamfanin da ya ƙera injin ya kusa dala 50. Na wasu masu kwaikwayo dala 24, kuma a hoto ba ka bambancewa. Na zaɓi na 24. Sun ce Juma'a zai iso.

Laraba, 10 ga Janairu

Na ɗaura igiya biyu a ɗakin ƙasa, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, na kunna fanka. Ƙananan kaya suna bushewa cikin kwana ɗaya. Tawul da wandon jins sai kwana biyu, kuma suna fitowa da tauri. Autarmu ta ce tawul ɗin yana cizo.

Asabar, 13 ga Janairu

Kaya ba su iso ba. Sanyin da muka yi ta cewa bana ya yafe mana, bayan Disamba ta wuce kusan ba dusar ƙanƙara, jiya ya sauko da ƙarfinsa. Zanin gado da barguna sun taru, igiya ba za ta ɗauka ba. Muka wanke a gida, na zuba su jiƙe a manyan ledoji na kai shagon wanki na kuɗi. Kafin in fito da su daga but ɗin mota, bakin ledar har ya fara ƙanƙara. Kwata ɗaya minti shida. Na kashe dala 11, har da kwata bakwai ɗin nan da draya ta ajiye mana.

Ina zaune ina kallon manyan injinansu suna juyawa sai na lura kunnena ya canza. Na uku daga ƙofa fulinta ya fara kuka. Na kusa gaya wa mai shagon, sai na tuna tawa tana warwatse a gida.

Litinin, 15 ga Janairu

Hutun tunawa da Martin Luther King, gidan waya ba ya aiki. Da asuba sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Na yi amfani da ranar na share cikin injin da na'urar zuƙe ƙura, musamman jikin moto, wanda ɓurɓushi ya lulluɓe kamar an yafa masa bargo. Sukurun nan dai bai fito ba.

Laraba, 17 ga Janairu

Sun iso. Mako gudan da na roƙa ya wuce da kwana huɗu. Ba wanda ya ce komai, abin da ya fi magana ciwo.

Alhamis, 18 ga Janairu

Bayan isha'i muka sauka ni da babban ɗana. Na ɗauka aikin minti arba'in ne, sai ƙarfe goma sha ɗaya da rabi muka hau sama.

Kowace taya kilif biyu ne ke tsare ta, na roba masu kusurwa uku, ɗaya a bayanta ɗaya a gaba. Tsofaffin da sukudireba na ɓanɓare su. Sababbin kuwa sai an danna su sun faɗa cikin wani ɗan zobe da aka sassaƙa a jikin sandar. Na farko na matsa da filaya ya tsage biyu. Allah ya taimaka akwai rara a ƙunshin. Dabarar da ta yi aiki: na ɗora bakin ƙaramar soket ɗin sifana a kansa na tura da tafin hannu, ya shiga ƙyas.

Da na zare tayar nan mai rawa, na goge sandarta, na ga ta ɗan ci a gefen sama. In ka ja farce a kai yana maƙalewa. Na tsaya ina kallonta. Sanda ba ta cikin ƙunshin, sayenta kuma wani mako ne na jira da igiya. Na goga mata samfefa mai laushi, na lakato giris ɗin mota na shafa mata da yawa, na zura sabuwar taya. Ta juya lafiya. Na ce wa zuciyata ya isa.

Sa bel shi ne wahalar. Gefen mai layi-layi shi ke kwanciya a jikin ganga, a daidai baƙin sawun da tsohon ya bari. Yaro ya tallafi gangar, ni na kwanta a ƙasa, hannu ɗaya yana ture fuli ɗaya yana lalubar moto, ido bai ganin komai don kafaɗata ta tare hasken. Dole a lanƙwaso bel ɗin ya bi ta ƙarƙashin fuli sannan a rataya shi a na moto. Sau uku fulin yana suɓucewa daga raminsa ya faɗi. A na huɗu na samu, na miƙe ina murna, yaron ya duba hoton da ke wayata ya ce, "Abba, kamar ba haka yake a nan ba." Na bi da shi ta bayan fulin, ba abin da ya ɗaure. Muka sake.

Kafin rufewa na juya gangar da hannu zagaye biyu don bel ya daidaita, na bi ƙyallen da ke bakin ganga ta baya da yatsa, inda ya naɗe ciki na fito da shi. Muka mayar da fuska, muka rufe sama da sukuru ɗaya tilo. Ban kunna ba, yara sun yi barci.

Juma'a, 19 ga Janairu

Na kunna kafin in tafi aiki. Ƙiii ya tafi. Dum-dum ya tafi. Uwargida ta tsaya a matattakala ta ce, "Sannu da aiki, injiniya."

Amma akwai wani sabon abu. Ana kunnawa sai ka ji ƙwaras-ƙwaras daga baya can ƙasa, kamar tsakuwa a gwangwani, na ɗan lokaci, sai ya yi shiru, in an kashe kuma ya sake yi sau biyu uku. Na ce wataƙila sababbin kaya ne ke neman wurin zama.

Talata, 23 ga Janairu

Lodi shida zuwa yanzu. Ƙwaras ɗin yana nan. Kuma tawul har yanzu sai ya yi minti 75 zuwa 80, kamar da. Na zaci sabon bel zai rage wannan, bai rage ba.

Alhamis, 25 ga Janairu

Gurnani ya dawo daga baya. Bai kai na da ba, amma shi ne.

Asabar, 27 ga Janairu

Na jingina waya a kan injin wanki ina kallon wasanmu da Kamaru na kofin Afirka, ƙarfe biyu na rana agogon nan, ina kwance draya karo na biyu. Wannan karon minti goma sha biyu na ciro ganga. Lookman ya ci ta farko ina riƙe da ita a hannu, saura kaɗan in sake ta a ƙafata.

Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Giris ɗin da na shafa ya zama baƙin ƙulli, ya kwashe duk ɓurɓushin da ke yawo a ciki ya dunƙule a bayan tayar. Tayar kuma, ta kwana tara kacal, ta fara rawa irin ta tsohuwar.

Na haura na ƙwanƙwasa wa dattijon maƙwabcinmu, Bature ne da ya yi ritaya daga aikin gyaran na'urorin ɗumama gidaje. Ya sauko da tabaraunsa, bai ce komai ba ya zare tayar, ya ja farce a kan sandar, ya dube ni ta saman gilashi. Bayaninsa a taƙaice: cikin tayar akwai bushin, wato ɗan zobe na tagulla, wanda aka riga aka jiƙa da mai tun daga masana'anta, ba ya son giris. In ma za a sa wani abu, ɗigon mai mara kauri ya isa. Sanda kuma in ta ci, ta daina zama da'ira, duk tayar da ka ɗora mata za ta cinye ta. Ya kuma gwada ɗaya sabuwar tayar a kan lafiyayyar sandar, ya nuna mini ita ma tana da ɗan wasa tun tana sabuwa. Araha ba ta ado. Sai dai ba zan ɗora wa masu tayar laifin duka ba, ni na ga sandar da idona na rufe.

Na ba shi labarin ƙwaras-ƙwaras. Ya tambaya ko wani abu ya ɓace mini lokacin aikin. Na ce sukuru ɗaya. Ya ce na ina? Na nuna masa bakin ramin rariya. Ya yi dariya har da tari. Ramin nan zurarre ne, yana gangarawa ta bayan injin kai tsaye zuwa gidan fankar da ke jan iska. Fankar kuma a ɗaya ƙarshen moton take, gudunsu ɗaya. Wato mako guda sukuruna yana can ana wasan ƙwallo da shi.

Ya ja kunnena kan abu ɗaya kafin ya tafi: sandunan biyu ba iri ɗaya ba ne, kowace da lambarta, in duba zanen samfurin kafin in saya. Na yi odar sandar mai tokari, dala 18, da tayoyi biyu na asali, dala 21. Fuli da bel na ƙunshin araha na bar su, ban ga aibinsu ba.

An tashi biyu da nema. Aƙalla wani abu ya tafi daidai yau.

Lahadi, 28 ga Janairu

Shagon wanki kuma. Dala 9. Igiya ta koma wurinta.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Sanda da tayoyi sun iso. Na ɗora sabuwar taya a sabuwar sanda a kan teburin cin abinci, na juya. Ba wasa ko kaɗan, sumul. Na ajiye sai Asabar, ba zan ƙara aikin dare ba.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Ranar da ta fi kowace tsawo, kuma a yau ne na ga abin da ya tsorata ni.

Notin da ke riƙe da sandar ta baya yake, don haka sai an janyo injin daga bango an cire murfin baya. Da na janyo, bututun fitar da iska ya biyo ni ya yage. Irin mai laushin nan ne na gwangwanin alminiyam mai lanƙwasa-lanƙwasa, kuma wanda ya haɗa shi ya tura draya ta matse shi da bango har ya kusa rufewa. Na leƙa ciki da tocila. Bututu mai faɗin inci huɗu, hanyar da ta rage wa iska ba ta wuce a zura yatsu uku ba. Sauran duk ɓurɓushi ne ya daskare, toka-toka, in ka ɓanɓaro yana fitowa fale-fale kamar ƙanzo. Wani sashe kusa da bakin injin ya yi ruwan ƙasa, alamar ya sha zafi.

Nan na zauna a kan bokiti na ɗan yi shiru. Wayar zafin da ke cikin injin nan ta haura wat 5,000. Hukumar kula da gobara ta tarayyar Amurka ta taɓa fitar da rahoto a 2012 cewa ana samun gobarar draya kimanin 2,900 a gidaje duk shekara, kashi 34 cikin ɗari saboda rashin sharewa, kuma Janairu ne watan da ta fi yawa. Mu da muke kunna ta mu hau sama mu kwanta. Ni kukan taya ya dame ni don yana hana ni barci. Wannan da ba ya kuka, shekara biyar ban taɓa leƙa shi ba. Kuma shi ne dalilin minti 80 na tawul: zafi yana nan, iskar da za ta kwashe danshin ce ba ta da hanyar fita.

Na fara da abin da ya kawo ni. Sandar ta fita da sifana ba gardama, sabuwa ta shiga, na mayar da tokarinta. Tayoyi biyu na asali, busassu, ban sa musu komai ba. Na ajiye tsohuwar sandar kusa da sabuwa na ɗauki hoto. Cin da ta yi bai kai kaurin farce ba, amma shi ya jawo mini mako biyu.

Sai na kwance zurarren ramin rariya daga baya. A gindinsa, cikin gidan fanka, ga sukuruna ya yi fes yana ƙyalli kamar an wanke shi, duk zaren jikinsa ya goge. Tare da shi akwai maɓallin riga, ƙusar takarda, da wata safar jariri da ta kai shekara uku da ɓata. Fankar ta roba ce, sukurun ya ɓantare gefen fiffike ɗaya, kamar rabin ƙwayar gyaɗa. Na juya ta, ba ta karkace ba, ba ta taɓa komai. Maƙwabcina ya ce za ta yi aiki, amma in sa ido, in na fara jin injin yana karkarwa to ita ce. Tunda baya a buɗe yake, ya sa mitarsa ya gwada fis ɗin zafi da ke jikin gidan fankar. Lafiya lau. Ya ce da bututun ya ƙara toshewa kaɗan, shi ne zai fara ƙonewa, kuma mutane da yawa sai su canza fis ɗin su bar bututun yadda yake.

Da rana na fita na sayo bututun ƙarfe mai santsin ciki, gwiwa biyu, da tef na alminiyam, dala 31. Da burushi mai dogayen sanduna da ake haɗawa, dala 17. Dattijon ya hana ni haɗa gaɓoɓin da sukuru, ya ce tsinin da zai leƙo ciki shi ke kama zare, tef kawai. Kuma kowace gaɓa bakinta ya shiga cikin ta gaba, ta bin hanyar iska. Na zura burushi daga ciki har waje, yaro yana tsaye a waje yana ihu yana cewa, "Abba, yana ta fitowa!" Murfin waje ma ashe a maƙale yake rabi a buɗe. Na wanke shi da ruwan zafi har ya koma yana lilo.

Magariba ta yi ban gama rufewa ba. Na bar gwaji sai gobe.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Na ɗaga bireka, na danna maɓalli. Tsit. Na sake dannawa. Tsit. Gabana ya faɗi, na fara lissafin kuɗin moto. Uwargida daga bayana ta ce, "Wannan wayar da ke lilo a ciki da ka ɗaga murfi jiya, ta mece ce?" Makunnin ƙofa. Ban mayar ba. Minti uku.

Ta tashi. Sai huci kawai na iska da ɗan sautin maɓallan riga suna taɓa ganga. Na fita waje ba ko jaket, na sa hannu a bakin bututun: iska mai ɗumi tana bugowa da ƙarfi, murfin ya buɗe gaba ɗaya, tururi yana tashi cikin sanyi. Tawul takwas, minti 44.

Na sayo sukuru a madadin wanda ya goge. Da zan ɗaura su na toshe bakin ramin da tsumma tukuna.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Lodi biyar. Shiru. Ɗakin ƙasa ma ya daina wannan warin danshin da muka ɗauka na ginin ne.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Lodi goma sha ɗaya tun gyaran ƙarshe. Na ɗaga murfin sama na haska: bel yana kan sawunsa, ba baƙar ƙurar roba a ƙasa.

Lissafi: ƙunshin farko 24, abin kwance noti 7, sanda 18, tayoyi 21, bututu da tef 31, burushi 17, shagon wanki sau biyu 20. Jimla dala 138. Maƙwabci ya ƙi karɓar komai, uwargida ta aika masa da dambun nama da cincin, ya dawo da kwanon da kansa yana tambayar sunan abin.

Saura biyu. Zoben robar da gaban ganga ke sulɓi a kai ya sirance a ƙasa, in na ɗaga bakin gangar da hannu tana ɗan motsi. Da fankar nan mai ɓantaren fiffike. Zan haɗa su oda ɗaya, na asali, in yi su rana ɗaya bayan ƙaramar salla in Allah ya kai mu, lokacin da za a iya shanya a waje ko aikin ya ja kwanaki. An ce fankar zarenta na hagu ne, kuma takan ƙi fita sai an fasa ta, don haka zan nemi dattijon ya kasance a gida. Na rubuta ranar share bututu a jikin tef na manna a gefen injin.

Wasan ƙarshe na kofin Afirka a ɗakin ƙasa na kalle shi, don yara sun kama talabijin ɗin sama suna jiran nasu wasan na Amurkawa da za a yi da yamma. Kwaddibuwa ta ci mu biyu da ɗaya bayan mu muka fara ci. Draya tana aiki a gefena tun daga hutun rabin lokaci, ban tuna da ita ba sai da ƙararrawarta ta buga.